Babban ɗakin karatun New York ko rassan unguwanni?

Babban ginin da aka buɗe a 1911, mai zakuna biyu na dutse a bakin ƙofa, na masu bincike ne. Ka nemi littafi, a ɗauko maka daga ma'ajiya, ka karanta a nan, ba ka fita da shi.

Rassan unguwanni kuwa daban suke. A 1901 attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 5.2 don gina rassa 65, bisa sharaɗin hukumar birnin ta ba da fili ta kuma ɗauki nauyin gudanarwa. Nan kati kawai za ka yi, ka ari littafi ka tafi gida. A ganina su suka fi amfanar talaka, musamman baƙin da ke zuwa koyon Turanci.