Sharhi kan famfon hannu na zuba man giya a mota mai jan ƙafa huɗu

Famfon da nake magana a kansa ƙaramin abu ne na roba da ake murɗawa a bakin robar mai ta lita ɗaya. Yana da siririn bututu da ke nutsewa cikin man, da tiyo da ake cusa bakinsa a ramin da za a zuba. Na saye shi ne domin in riƙa canza man aksil na gaba da na baya da kaina, wato sashen da ke kai ƙarfin injin ga ƙafafun hagu da dama, haɗe da man akwatin da ke raba ƙarfin injin tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Ramin zuba mai a waɗannan wurare yana jikin gefe ne, a ƙarƙashin mota, inda babu sararin da za a karkata roba ko a kafa mazurari, saboda haka dole a samu abin da zai tura man zuwa sama.

Famfon yana yin aikin, amma ba ya sauri. Man giya mai lamba 75W-90 yana da kauri sosai, kuma kowace dannawa ɗan kaɗan take turawa, alhali aksil ɗin baya na irin waɗannan motoci yakan sha lita biyu zuwa uku. Mutum yana kwance a gefensa, hannu ɗaya riƙe da robar, ɗayan yana dannawa, kafin a gama kafaɗa ta ji jiki. Abin da ya rage mini wahala shi ne tsoma robar man cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci kafin farawa, domin da zarar man ya yi ɗumi sai ya saki jiki, famfon ya daina turjewa.

Aibinsa mafi girma yana wajen tiyon. Bakinsa yana da wani ɗan maƙali da aka yi don ya riƙe gefen ramin, sai dai idan mai ya shafe shi yakan zame, tiyon ya fito yana ɗiga. Haka kuma bututun ciki ba ya kai ƙasan wasu robobin, don haka ragowar man sai an juye shi cikin roba ta gaba, kuma zaren murfin bai dace da bakin kowace roba ba. Wanda zai saya ya gwada shi da irin robar man da yake amfani da ita tun kafin ya tsiyaye tsohon mai.

Duk da haka, yawancin abin da ke sa aikin ya yi kyau ba a famfon yake ba, a tsarin aikin yake. Ana ɗan tuƙa motar tukuna domin tsohon man ya yi ɗumi ya fita da dattin da ya kwanta, sannan a tsayar da ita a wuri mai shimfiɗe, domin idan ta karkata ma'aunin man zai yi ƙarya. Idan an ɗaga ta, a kan tsayayyun ƙafafun ƙarfe ake ɗora ta, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Notin ramin zubawa, wato na sama, shi ake fara kwancewa kafin na tsiyayewa, saboda idan aka zubar da man sannan na saman ya ƙi motsi, an bar mota babu mai kuma babu hanyar mayar da shi.

Notin ƙasa a motoci da yawa yana da maganaɗisu, kuma a ganina dubansa kaɗai ya isa dalilin da mai mota zai yi aikin nan da hannunsa. Laushin garin ƙarfe mai launin toka da ke manne a jikinsa cin ƙarfe ne na yau da kullum, a goge shi kawai. Amma idan aka taras da ɓarɓashi mai kaifi da yatsa ke iya ji, to haƙoran giya ko boris sun fara lalacewa, kuma sabon mai ba zai gyara su ba. Idan kuwa man ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ne ya shiga. Hakan yakan faru ne idan an ratsa ruwa mai zurfi aksil yana da zafi: iskar ciki ta huce ta takure, sai ta zuƙo ruwa ta ƙaramar kafar shaƙar iska ko ta bakin sil, wato zoben robar da ke hana mai yoyo. Irin wannan man ba a jira lokacin canjinsa ya cika.

Wajen mayar da noti, siririn zoben alminiyum ko na jan ƙarfe da ke ƙarƙashinsa sau ɗaya aka yi shi ya matsu, don haka sabo ake sakawa. Ya kamata a ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri bisa adadin da littafin motar ya faɗa, musamman a akwatin raba ƙarfi, wanda sau da yawa jikinsa na alminiyum ne kuma zarensa ba ya jure wuce gona da iri. A yawancin motoci ana zubawa har man ya fara leƙowa daga bakin ramin, a bari rarar ta gama ɗiga, sannan a rufe.

Zaɓen mai yana buƙatar natsuwa. Aksil yawanci yana son mai na ajin GL-5, wanda aka ƙara masa sinadaran sulfa da fosfarus don ya jure matsin haƙoran giya, kuma daga nan ne warinsa mai naci yake fitowa, shi ya sa safar hannu ba kwalliya ba ce a wannan aiki. Wasu giyabos na hannu kuma GL-4 suke buƙata, domin zoben tagullar da ke daidaita shigar giya ba ya shiri da wasu nau'o'in GL-5. Akwai akwatunan raba ƙarfi da ke shan man giya, akwai masu shan jan man giyar atomatik, akwai kuma masu mai na musamman, sannan aksil mai faranti da ke rage zamewar ƙafa ɗaya yana son mai mai ƙarin sinadari, in ba haka ba ya riƙa gurnani a kwana. A nan famfon ya sake nuna gazawa, domin wanke cikinsa yana da wuya, kuma ragowar wani mai yakan bi sabon. Ni dai na ware famfo guda ga kowane irin mai.

Ban ga amfaninsa ga giyabos na atomatik na zamani marar sandar awo ba, saboda ana daidaita ma'aunin mansa ne a wani ƙayyadadden zafi injin yana aiki, kuma hakan yana son na'urar karanta zafin. Ga aksil da akwatin raba ƙarfi kuwa ya wadatar ga mai mota ɗaya, amma mai kula da motoci da yawa zai fi jin daɗin babban sirinjin mai na ƙarfe ko famfo mai tanki. Tsohon man ana juye shi a jarka mai murfi a kai inda ake karɓarsa, ba a zuba shi a ƙasa ko magudanar ruwa. Shi kuma famfon, bayan an gama, yana ci gaba da tsiyayar da abin da ya rage a tiyonsa, don haka sai an ƙulle shi cikin leda mai kauri kafin a ajiye shi tare da sauran kayan aiki.