Kowace rijiya da lambarta: wasiƙa daga Oklahoma

Yaya, ina gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka ce in daina ba ka labarin kantuna da tituna, in faɗa maka abin da na ga ya fi aiki a ƙasar nan. To, ga shi, kuma ba kaya ba ne da ake saye: yadda hukumomin jihohi suke riƙe da tarihin rijiyoyin mai da iskar gas. Aikina a ƙaramin kamfanin da nake shi ne cike fom ina tura wa hukuma, don haka kullum ina cikin rumbun bayanan nan.

Tushen komai lamba ce. Duk rijiyar da aka ba da izinin haƙawa a Amurka ana ba ta lambar da ake kira API. Alƙaluma biyun farko na jiha ne: 35 Oklahoma, 42 Texas, 33 Dakota ta Arewa. Uku na biye na gunduma ne, biyar na ƙarshe na rijiyar ita kaɗai. Kamfani ya sayar da ita, ya canza mata suna, ko ya karye ya ɓace, lambar tana nan. Duk takardar da ta shafi ramin a ƙarƙashinta ake ajiyewa, kamar katin asibiti: izinin haƙa, zurfin da aka kai, inda aka tsayar da bututun ƙarfe, yawan simintin da aka zuba don kare ruwan sha, ziyarar sufeto, tara in an ci, har ranar da aka toshe ta.

Jihohi da yawa ba su zauna kowa ta ƙera nata tsarin ba. A 1992 wata ƙungiyar hukumomin kare ruwan ƙarƙashin ƙasa, GWPC, wadda hedkwatarta ke nan birnin Oklahoma, ta fara gina manhaja mai suna RBDMS da tallafin ma'aikatar makamashi ta tarayya. Yau jihohi sama da 20 suna amfani da ita, kowace ta gyara ta daidai da dokokinta. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ajiya kawai take yi ba. Tana nuna wa sufeto rijiyar da lokacin gwajin bututunta ya wuce, da wadda ke kusa da ruwan sha, don ya san inda zai fara dosa. Sufetoci kaɗan ne, rijiyoyi kuwa dubbai, dole a san wacce ta fi hatsari.

Amma kada ka ɗauka ko'ina iri ɗaya ne. Texas ta fi kowa yawan rijiyoyi, kuma hukumarta har yau sunan hukumar jiragen ƙasa take amsawa, don a kan wannan aka kafa ta a 1891, ko da yake ta bar harkar jirgi tun 2005. Tana da taswira a intanet kyauta. Ka matsa kan ɗigo, takardun rijiya su fito, har da tsofaffin da aka cike da hannu aka ɗauki hotonsu. Sai dai in kana son sanin gangar mai nawa rijiya guda ta fitar, za ka sha wuya, domin a can ana ba da rahoton ɗanyen mai ne a kan filin haya gaba ɗaya, ko da rijiyoyi goma ne a ciki. Gas ne kawai ake lissafawa rijiya-rijiya. A nan Oklahoma kuma abin a rabe yake: takardun haƙa suna wurin hukumar da ke sa ido kan mai, adadin abin da aka fitar kuma sai ka nufi hukumar haraji. Dakota ta Arewa ta fi su tsabta a wannan fanni, kowane wata tana nuna abin da kowace rijiya ta bayar. Amma cikakken fayil sai ka biya kuɗin rajista, kuma kamfani na da damar neman a rufe bayanan sabuwar rijiya har wata shida. A ganina wanda rijiya ke bayan gidansa bai kamata a nemi ko sisi a hannunsa ba kafin ya ga fayil ɗinta.

Akwai kuma 'yan kasuwa irin su Enverus da ke kwashe waɗannan bayanan na gwamnati, su tace, su jera, su sayar da tsada. Kayansu ya fi sauƙin amfani nesa ba kusa ba, amma manomi ko mai gadon fili ba zai iya saye ba. Shi shafin hukuma ne gatansa, da shi yake duba ko kason da kamfani ke biyansa ya yi daidai da abin da aka ɗebo daga ƙarƙashin gonarsa.

Inda na tabbatar abin nan ba ado ba ne shi ne batun girgizar ƙasa. Kafin 2009 Oklahoma ba ta wuce girgiza ɗaya ko biyu masu ƙarfin maki 3 a shekara. A 2015 sai da aka ƙirga kusan 900. Ranar 3 ga Satumba 2016 mai ƙarfin 5.8 ta afka wa yankin Pawnee, mafi girma da aka taɓa aunawa a jihar. Mai ba ya fitowa shi kaɗai, yana zuwa da ruwan gishiri mai yawan gaske, kamfanoni kuma suna mayar da shi ƙasa ta wasu rijiyoyi na musamman, galibi cikin wani shimfiɗaɗɗen dutse mai zurfi da ake kira Arbuckle, wanda ke kwance a kan tsofaffin tsagogin ƙasa. Ta yaya aka gane wannan ruwan ne ke jawo girgizar? Saboda doka ta tilasta wa masu rijiyoyin faɗin ganga nawa suka ɗura da kuma ƙarfin matsin. Masana suka ɗora wannan lissafi a kan taswirar girgiza, abin ya fito fili. Hukuma ta rufe gomman rijiyoyi a kewayen Pawnee, ta rage wa ɗaruruwa adadin da za su ɗura, ta kuma ce a riƙa kawo mata alƙaluman kowace rana. Girgizar ta ragu sosai a shekarun da suka biyo, ko da yake faɗuwar farashin mai ita ma ta taimaka. Da babu rubutu, da har yau gardama ake yi.

Ba zan ɓoye maka raunin abin ba. Yawancin bayanan kamfanonin ne ke kawowa da kansu, kwamfuta kuwa abin da aka ba ta shi take riƙewa. Shafin FracFocus da aka buɗe a 2011 yana nuna sinadaran da aka tura cikin rijiya lokacin fasa dutse don mai ko gas ya samu hanyar fita, amma doka ta yarda kamfani ya ɓoye wasu da sunan sirrin kasuwanci, kuma suna ɓoyewa.

Babban giɓin yana baya. An haƙa rijiyar Drake a Titusville ta jihar Pennsylvania a 1859, aka yi shekaru kusan ɗari ana haƙa babu mai rubutawa yadda ya kamata. Jihar da kanta ta yi kiyasin akwai dubban ɗaruruwan ramuka da ba su cikin kundinta. Wasu suna cikin daji, wasu a ƙarƙashin gidaje, suna tsiyayar gas da ruwan gishiri. Yanzu da jirage marasa matuƙi ake nemansu, masu ɗauke da na'urar gano ƙarfe, amma da yawa an zare bututunsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an narkar, na'urar ba ta jin komai. A 2021 gwamnatin tarayya ta ware dala biliyan 4.7 don toshe marayun rijiyoyi, waɗanda masu su suka gudu ko suka mutu. Da kuɗin ya fito, jihohi suka bazama ƙirge, jerin sunayen ya yi ta ƙaruwa, domin sai an san inda rami yake, an ba shi lamba, kafin a tura motar siminti.

Ka gaishe mini da su Inna da yara. In ka samu intanet mai ƙarfi ka buɗe taswirar Texas, ka matso kusa da garin Midland, ka ga yadda ɗigon rijiyoyi suka rufe ƙasa.