Kainji ko Oguta: wanne za ka je?

Tun da na dawo daga kudu ake ta tambayata: tsakanin Tafkin Kainji da na Oguta, wanne ya fi cancantar kuɗin mota?

Kainji faɗi gare shi. An kammala madatsarsa a kan Kogin Kwara a 1968, ruwan ya shanye tsohon garin Bussa, aka mayar da mutane New Bussa. Ka tsaya bakin ruwa a Yawuri da sassafe, ka ga masunta na sauke giwan ruwa daga kwalekwale, ana ciniki da Hausa. Masauki da abinci ba tsada ga ɗan arewa, ga masallaci a kowane lungu. Abin da ke damuna shi ne tsaro: dajin da ke kewaye ya sha fama da 'yan bindiga, jiragen ruwa kuma kan yi lodi fiye da kima. Kada ka hau ba rigar kariya.

Oguta, a Jihar Imo, ƙarami ne, kuma Allah ne ya yi shi ba injiniya ba. Can ne ruwansa mai shuɗi ke haɗuwa da jan ruwan Kogin Urashi, ka ga layin da ya raba su ƙarara. Daga Owerri tafiyar ba nisa, amma isa Owerrin ne ke cin kuɗi, kuma sai ka nemi abincin halal da kanka.

Mai ƙaramin guzuri da ke son kasuwar kifi, ya nufi Kainji bayan ya tambayi halin hanya. Mai iyali da kwana biyu kacal, idan aljihu zai ɗauka, Oguta ya fi masa sauƙin zagayawa.