Daura ko Argungu: wanne ya fi dacewa da mai fita daga Kaduna da iyali?

Malam, na ga tambayar da ka ajiye a zauren nan, cewa kana son kai iyali ganin wuraren tarihi a hutun makaranta, amma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin Daura da Argungu. Dukansu garuruwa ne na sarauta masu daɗaɗɗen tarihi, sai dai abin da ke kai baƙo kowannensu daban ne, kuma a nan ne ya kamata ka tsayar da shawara.

Abin kallon Daura yana nan kowace rana. Rijiyar Kusugu tana cikin gari, an kewaye ta da gini, kuma har yanzu tana da ruwa: mai kula da wurin zai zura guga ya jawo, baƙo ya sha, ya wanke fuska, wani ma ya cika 'yar jarka ya tafi da ita gida tsaraba. A bakinta yara za su ji labarin da suka karanta a aji, na macijin da ya hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙo Bayajidda da ya sare kansa ya auri Sarauniya Daurama, da ɗansu Bawo wanda ake jingina asalin Hausa Bakwai ga zuriyarsa. Masana tarihi suna ɗaukar labarin a matsayin tarihin baka, amma yaron da ya leƙa rijiyar da idonsa ba zai ƙara rikita sunayen ba. Fadar sarki ba ta da nisa daga nan, kuma idan tafiyarka ta dace da watan Rabi'ul Awwal za ka riski Sallar Gani, lokacin da masu sarauta ke hawa da dawakai cikin ado, ana busa algaita da kakaki. Tun da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a garin a watan Yulin 2025, wasu baƙin suna haɗawa da ziyarar addu'a.

Argungu kuwa, a jihar Kebbi, martabarta tana ɗaure da lokaci. Bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta ƙarfafa sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, wato masarautar Argungu, bayan doguwar gaba, kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ranar kamun, dubban masunta suna jeruwa a gaɓar Matan Fada, kowa da komarsa da ƙaton goransa. Da an harba bindiga sai su faɗa ruwa lokaci guda, kogin ya koma laka, can ka hango mutum biyu suna kokawar fito da giwan ruwa zuwa wurin sikeli. Akwai kuma kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwale-kwale da kamun agwagwa. A ganina Daura ba ta da wata rana guda da za ta yi gogayya da wannan. Matsalar ita ce ba kowace shekara ake yin bikin ba, don an shafe kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020, kuma idan za a yi, cikin rani ne, wajajen Fabrairu ko Maris, lokacin da yara ke makaranta. Wanda ya je a lokacin da ba na biki ba, abin da zai tarar shi ne gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka adana makamai da tambura aka kuma binne sarakunan Kabi a cikinta. Wuri ne mai daraja, amma a yini ɗaya an gama shi.

Hanya ma ta fifita Daura. Daga Kaduna za ka bi Zariya, Kano, Kazaure, kuma wanda ya yi sammako zai isa da sauran rana. Argungu sai an ratsa Funtuwa, Gusau da Sakkwato, tafiya ce doguwa ga ƙananan yara, kuma ta ratsa yankin da dole a binciki lafiyar hanya wurin direbobin tasha kafin a tashi, a kuma guji tafiyar dare.

Saboda haka, tunda hutun makaranta ne ya ƙayyade maka lokaci, shawarata ka kai su Daura, ku kwana a Kano a hanyar dawowa. Argungu ka bar ta sai gwamnatin Kebbi ta sanar da ranar biki, sannan ka nemi masauki da wuri, ko a Birnin Kebbi ne, domin ɗakunan garin ba sa ɗaukar taron.