Azathioprine ko mycophenolate ga mai cutar lufus a Gabashin Asiya?

Ana yawan tambayata: in lufus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, ta taɓa ƙoda aka shawo kanta, wanne cikin magungunan nan biyu za a ci gaba da sha?

Azathioprine ya fi araha nesa ba kusa ba. Wajen hana cutar dawowa kuwa mycophenolate ne gaba, sai dai yakan sa gudawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne gado. Sauyin ƙwayar halittar NUDT15 ya yawaita a China, Koriya da Japan. Mai ɗauke da shi in ya sha azathioprine, fararen ƙwayoyin jininsa na iya zubewa, gashi ya kakkaɓe cikin 'yan makonni. Gwaji kafin farawa ke tona shi.

Mai neman haihuwa da gwajinta na NUDT15 ya yi kyau, azathioprine ne nata, don mycophenolate na nakasa ɗan tayi. Mai sauyin NUDT15, ko wanda cutar ke yawan dawo masa, mycophenolate ya fi masa.