Katakon tik na A, B da C: wanne ya dace da tebur da kujerun waje?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka saya cikin darajoji uku na katakon tik (teak a Turance), wato A, B da C: tunda kayan a waje za su zauna, rana ta dake su ruwa ya dake su, ɗauki A. In kuɗin bai kai ba, rage girman teburin ko yawan kujerun, amma kada ka sauko zuwa C.

Duka ukun daga bishiya ɗaya suke fitowa, wani lokacin ma daga gungume ɗaya. Bambancin shi ne daga wane ɓangaren gungumen aka yanko katakon, da kuma shekarun bishiyar. In ka dubi kan gungumen da aka sare, za ka ga tsakiya mai launin zuma mai duhu, sai wani farin zobe da ya kewaye ta dab da ɓawo. Tsakiyar nan ita ce zuciyar itacen, a nan maiƙo yake taruwa, tare da sinadarin da ke korar gara da hana ruɓewa. Farin zoben kuwa ɗanyen sashe ne da bishiya ke jan ruwa ta cikinsa, kusan babu wannan kariyar a jikinsa.

A shi ne zuciyar bishiyar da ta manyanta, yawanci mai shekara 40 zuwa sama. Launinsa bai ɗaya ne daga wannan kai zuwa wancan, jijiyoyinsa a miƙe kuma a matse, ƙulli kaɗan ko babu. Ka shafa tafin hannu a inda ba a yi wa fenti ba, za ka ji ɗan santsin maiƙo, in an goge shi da sanfefa kuma sai ya tashi da ƙamshi irin na jemammiyar fata. Ruwa ba ya saurin shigarsa, shi ya sa ba ya yawan kumbura da damina ya tsuke da rani, mahaɗai ba sa sakin jiki. Don haka ne tun da daɗewa ake shimfiɗa shi a daɓen jiragen ruwa. Bayan wasu watanni a rana zai koma ruwan toka mai haske, wannan a fatarsa kawai yake, cikinsa lafiya lau. In ba ka son launin, ruwan sabulu da burushi mai laushi da ɗan gugar sanfefa za su dawo da na asali.

B daga gefen zuciyar ake samunsa, ko daga bishiyar gona da aka sare da wuri, mai shekara 15 zuwa 25. Launi bai daidaita ba, akwai ƙulli nan da can, maiƙon bai kai na A ba. A cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa zai yi maka aiki mai kyau, kuma ba asara ba ne. C kuwa farin gefen ne, sunan tik kawai yake ci. A waje zai yi baƙi, ya tsage, ƙwari su huda shi.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma ya fi komai ɓata wa mutane kuɗi. Haruffan nan na A, B da C al'adar 'yan kasuwa ce, babu wata doka ɗaya ta duniya da ke tsaron su, kowa yana iya rubuta A a kan kayansa. Wasu sukan rina C ya yi duhu, su shafe shi da mai ya yi sheƙi. Don haka ka juya teburin ka duba ƙarƙashinsa, da bayan kujera, da ƙarshen ƙafafu inda aka yanke. Ka nemi izini ka goge ɗan wuri a ɓoye da sanfefa: in fari ya bayyana a ƙasa, rini ne. Duk katakon da aka lulluɓe da fenti mai duhu ta ko'ina, ka yi masa kallon zargi, don mai A na gaske ba ya ɓoye shi. Ka kuma lura da allon da aka harhaɗa daga gajerun guntaye da gam, mahaɗarsu kamar haƙoran zarto, a nan ruwa yake fara shiga.

Suna ma tarko ne. Abin da ake kira tik na Afirka galibi iroko ne, na Brazil kuma kumaru ne, itatuwa masu kyau amma ba tik ba. Na gaske sunansa na kimiyya Tectona grandis, asalinsa Indiya, Myanmar, Tailan da Laos, kuma a tsibirin Java na Indonesiya akwai tsofaffin gonakinsa. Wanda ya ce maka nasa na Myanmar ne, ya nuna takarda: ƙasar ta hana fitar da gungume tun 2014, kuma a 2021 Amurka da Tarayyar Turai sun sa wa kamfanin katakon gwamnatinta takunkumi.

Ko A ne, in bai bushe ba sai ya murɗe. Ka nemi wanda aka busar a ɗakin busarwa, a ɗora masa na'urar auna danshi a gabanka, ya nuna tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Busasshen allo mai tsawon mita 2, faɗin santimita 20, kaurin santimita 2.5 yakan kai kilo 6 da rabi. In ya zarce haka sosai, ko ɗanye ne ko wani itacen ne.

In kafinta zai haɗa maka, ka gaya masa ya goge fuskar mahaɗa da asiton, wani ruwan sinadari mai wanke maiƙo, kafin ya sa gam, don maiƙon yana hana gam kamawa. Ya fara huda rami kafin ya ɗaura sukuru, kuma sukurun ya zama wanda ba ya tsatsa. Tik yana da sinadarin yashi a jikinsa mai dakushe zarto da wuri, kafintan ya tanadi zarto mai haƙoran kabayid masu tsananin tauri. Man gwangwanin da ake sayarwa da sunan man tik kuma ba daga bishiyar yake ba, a waje yana iya jawo baƙin tabo, A ba ya buƙatarsa.