Hanyar Dutsen Grossglockner: Abin da Ake Biya da Abin da Ake Samu

'Yan uwa na gida sukan tambaya ko gaskiya ne a Turai sai ka biya kuɗi kafin ka hau dutse ka kalli ƙanƙara. A nan Ostiriya gaskiya ne. Hanyar Grossglockner tana da tsawon kilomita 48 da kwana 36 masu kama da lanƙwasar ƙugiya, an buɗe ta a 1935, ta haɗa jihar Salzburg da ta Kärnten. Ramin Hochtor da ke ƙololuwarta yana kan mita 2,504, wato ya ɗara Chappal Waddi na Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419.

Daga birnin Salzburg zuwa Bruck, inda hanyar ta faro, kamar awa ɗaya da rabi ne. Wanda zai bi babbar hanyar A10 sai ya fara sayen sitikar hanya da suke kira vignette, akwai ta kwana ɗaya (ita ta dijital ce, ba a manna ta), akwai ta kwana 10. Kamara ce ke dubawa, ba wanda za ka roƙa, tara kuma a takarda take zuwa har gida. Wannan sitika ba ta shafi dutsen ba. A tolget ɗin Ferleiten ƙaramar mota tana biyan sama da Yuro 40 na wuni guda. Kada ka juya shi zuwa naira, ranka ne zai ɓaci.

Sai dai kana ganin inda kuɗin ya tafi. Kwalta ce lafiyayya ba rami, kwanoni suna ɗauke da lamba da tsayin wurin a allo, ga wuraren tsayawa, ga banɗaki mai tsabta, ga ɗakunan nuni da kuɗin tolget ya riga ya biya maka. Duk watan Afrilu sai an sa injuna sun kwashe dusar ƙanƙarar da ta binne titin kafin a buɗe a farkon Mayu, a sake rufewa wajen farkon Nuwamba. Da dare ma a rufe take, kuma minti 45 kafin rufewa ake daina shigar da mota. Wanda ya saba bin Hawan Kibo ya ga tirelolin da ke kwance a gefe zai fahimci amfanin hanyar da ke da mai kula da ita.

Inda gida ya fi su shi ne taimakon bakin hanya. A kan dutsen nan ba mai faci a gindin bishiya, ba bakanike mai zuwa da babur da sifana a aljihu, ba 'yan bumburutu. Cika tanki tun a Bruck ko garin Zell am See da ke kusa da shi. Gareji a ƙasar nan aikin awa ɗaya yakan haura Yuro 100, kuma galibi ba a gyara kaya, canzawa ake yi. Idan mota ta tsaya, lambar ÖAMTC, ƙungiyar masu motoci mai kai ɗauki a hanya, 120 ce, ta gaggawa 112, wanda ba ɗan ƙungiya ba kuwa kuɗin janwe daga aljihunsa. Doka ta ce mota ta kasance da rigar nan mai ƙyalli, da alamar tsayawa mai kusurwa uku, da akwatin agajin farko.

Birki ne ke yawan kashe wa baƙi tafiya. Gangaren yakan kai kashi 12 cikin 100, kuma dogo ne. Mai ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama zai ji ƙauri, daga nan birkin ya yi laushi ya nutse ƙasa. Dalili kuwa man birki yana shan danshi idan ya tsufa, zafi ya sa ruwan ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma ba ya tura komai. Shi ya sa ake canza man duk shekara biyu. Sauka da giyar da ka hau da ita, ta biyu, wani wurin ta ɗaya, injin ya riƙe motar. Mai atomatik ya mayar da ita L ko M. Taka birki da ƙarfi kafin kwana ka saki. Al'adar sakin mota a furi don tsimin mai, a bar ta a gida. In ka ji ƙauri, tsaya a wurin fakin ka bar shi ya huce, kada ka watsa masa ruwa, faifan zai lanƙwashe.

A hawa kuma motar da ba turbo tana rasa kamar kashi 10 na ƙarfinta a kowace mita 1,000 saboda ƙarancin iska, ba lalacewa ta yi ba. Ido dai a kan allurar zafi, kuma ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000, don haka ko a watan Yuli ɗauki rigar sanyi kamar ta tsakiyar hunturun Jos. Reshen hanyar da ke hawa tsaunin Edelweissspitze, mita 2,571, ƙunci gare shi kuma da duwatsu aka shimfiɗa shi, sabon direba ya haƙura. Wanda bai kamata a bari ba shi ne reshen Kaiser-Franz-Josefs-Höhe, mita 2,369, inda kake fuskantar dutsen Grossglockner kansa mai mita 3,798, ga daskararren kogin Pasterze a ƙasa yana ja da baya kowace shekara. Idan hazo ya rufe, kuɗinka ya tafi a banza, don haka duba kamarorin hanyar a intanet da asuba kafin ka tashi.

Abinci a sama da tsada, kuma sai ka tambaya ko akwai Speck a ciki, wato naman alade, don har a miya da taliyar cuku sukan barbaɗa shi. Zell am See tana cika da Larabawa masu hutu da bazara, saboda haka ana samun gidajen abincin halal a can. Ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, guzuri sai a saye shi tun Asabar. Ruwan famfonsu kuwa ana sha, gora ɗaya ta isa ka yi ta cikawa, sai dai na alwala a zuba mai ɗumi a filas.